Makami da Makamashi

Zazzaɓi ne ya kwantar da Tasalla mai ƙosai bayan azahar, fasfon 'yarta Nusaiba ƙulle a bakin zaninta. Kwana uku ke nan da ta ɓoye shi. Yarinyar ta samu gurbin karatu a ƙasar waje, wai makamashin nukiliya. Kunnen Tasalla kuwa makami ya ji, kuma ita ba ta haifi mai haɗa bom ba. Jibi jirgi zai tashi.

Barci ya fizge ta. Sai ga ta a wani fili, itatuwa na tafiya a jere, kowanne saɓe da gatarin da ya sare shi. A gabansu wani dogon tsoho ne baƙi ƙirin, ba ƙafafu, yana tari irin nata.

"Baba, ina na san ka?"

"Shekara talatin ina zaune a ƙirjinki, yau kike tambaya? Ni ne hayaƙin murhunki."

Kunya ta kama ta, don ko sannu ba ta taɓa ce masa ba. Ya ja ta suka hau sama, inda danginsa suka lulluɓe duniya kamar bargo, har damina ta ɓace hanya tana ta yawo da tulunta.

Daga nan ƙasa ta buɗe. Tukunya ce girman tafki tana tafasa, ba itace ba hayaƙi. Tururinta na juya wata fanka, fitilun garuruwa na kamawa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashin tukunyar wani ɗan dutse ne, bai fi ƙwayar wake ba.

"Sannu da zuwa, Inna," in ji dutsen.

"Kai ne makamin?"

"Wanda ya ɗauke ni, shi ke raɗa mini suna."

"Tokarka fa? Ni dai ban taɓa ganin wutar da ba ta barin toka ba."

"Tawa ba a kai ta juji. Sai an yi gadinta har jikokin jikoki."

"Wa zai yi gadin?"

A gefen dutsen ga kujera 'yar tsuguno irin tata ta bakin murhu, ba kowa a kai. Sai wani hannu da ba ta san mai shi ba ya miƙo zai ɗauki dutsen. Tsoro ya kama ta, ta buɗe baki za ta kira Nusaiba.

Tari ya tashe ta. Nusaiba na tsugune tana yi mata fifita, idanunta jajur. Tasalla ta kwance bakin zani ta miƙa mata fasfon, yana ta warin hayaƙi.

"Ungo. In kin je, ki fara tambayarsu inda suke kai toka."