Daɓen Rumfar Zaɓe

Mazan Tudun Kanya, can bayan Kurmin Kogi, in dai a gindin bishiya ne, babu wanda ya kai su jarumta. A shekarar da aka zaɓi masu zuwa majalisar Ikko, ana gab da karɓar mulkin kai, a fadamar Inuwa suka ƙulla magana. Gayyar saran rake ya kira, matarsa Rahmatu ta kai musu tuwo da fura. Da ciki ya ɗauka sai baki ya buɗe. Suka ce sun gaji da jam'iyyar su mai unguwa, mai alamar tulu, wadda kullum take yi musu alkawarin gada a kan rafi. Kowa ya ce akwati mai alamar fitila zai jefa wa ƙuri'arsa. Ahmadu, aminin Inuwa, ya fi kowa ɗaga murya.

"Wanda ya saɓa," in ji shi, "a ɗaura masa zane a ba shi muciya."

Aka yi dariya. Rahmatu tana tattara ƙore ta ji, ta sa a ranta.

Mata ba su da ƙuri'a a lokacin. Aikinsu shi ne su ɗebo yashi daga rafi a zuba a rumfar zaɓe, wai don tsabta. Rumfar zana ce a ƙofar gidan mai unguwa, akwatin tulu a dama, na fitila a hagu. Mutum ya karɓi takardarsa ya shiga shi kaɗai. Amma mai unguwa ya shimfiɗa buzunsa a bakin rumfar, kuma wa zai gifta gaban mai unguwa da takalmi? Haka kowa ya tuɓe ya shiga da ƙafa, a kan yashin da Ya'u, surukin mai unguwa, ya share da safe ya yi sumul.

Manomi ba ya rasa gane sawu. Duk wanda ya shiga sai ya ga hanyar dama ta burtsu kamar ta shanu, ta hagu ko kaza ba ta taka ba. Sai jarumta ta koma wando. Inuwa ya ga abin da suka gani, ya kuma san gatari ya cire masa yatsan ƙafa ɗaya tun yana saurayi, ko yaro ya san sawunsa. Duk da haka ya bi hagu, don ya ci tuwo a ƙwarya ɗaya da mutane a kan maganar. Ahmadu ne ke bayansa a layi. Da a ce shi da masu bi masa sun taka inda Inuwa ya taka, da sawun ya ɓace. Babu wanda ya taka. Da yamma Ya'u ya leƙa, ya ga yatsu huɗu sun je sun dawo su kaɗai.

Kafin a dasa sabon rake, mai unguwa ya tuna cewa fadamar aro ce aka ba kakan Inuwa. Ya karɓe ya ba Ya'u. Masu rantsuwa suna zaune a fada, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Inuwa ya samo wata gona a ƙetaren rafi, yana shiga ruwa safe da yamma. Wata damina, cikin marka, rafin ya kawo, ya shiga, bai fito ba. Gada tana nan a bakin ɗan majalisa.

Da zaɓe ya sake zagayowa, Iliyasu, wani tela daga Makarfi da ke wakiltar 'yan fitila, ya zo wa Rahmatu gaisuwa. Ya ce in ƙauyen ya ba su ƙuri'a ko da kaɗan ce, za su sami bakin kai ƙarar fadamar, a mayar wa marayu. Wurin da ba su da kowa, ba su da ta cewa.

Rahmatu ta tafi wajen Kulu, tsohuwar da ke ba da waƙa duk inda mata ke daɓe.

"Iya, an aiko a ɗebo yashi?"

"An aiko, 'yar nan. Ƙafata ce ma ta hana ni tashi."

"Ni na ga baƙin gwamnati sun fi ƙarfin yashi. Ko ɗakin amarya daɓe ake yi masa."

Kulu ta dube ta, ta ce, "Akwai makuba a gidana. Ki ce wa mata kowa ta zo da madaɓinta."

Mata suka kai jar ƙasa da tsakuwa. Suka jiƙa ɓawon ɗorawa, suka yi ta yayyafa ruwan, suna buga ƙasa da katako, Kulu na bayarwa suna amshi. Mai unguwa ya ɗauka girmama shi ake yi, har goro ya aiko. Daɓen ya bushe ya yi baƙi, yana sheƙi kamar bayan tukunya, ko doki ya bi ba zai bar alama ba. Da Ya'u ya farga ya zo da yashi a buhu, malamin zaɓe ya riga ya iso, ya ce wannan aiki mai kyau ba wanda zai ɓata masa shi.

A daren jajibere kowace mace ta gaya wa mijinta cewa yanzu ba mai ganin sawunsa. Rahmatu kuwa da kanta ta tare Ahmadu a hanyar rijiya.

"Malam Ahmadu, ka ga rumfar?"

"Na gani. Sannunku da aiki."

"Yanzu ko ƙafarka ta giwa ce ba mai gani. Amininka ya bar maka 'ya'ya."

"Haba Rahmatu, ai ba sai kin faɗa ba. Wannan karon za ki ji labari."

Ta ji labari kuwa. Aka kwashi akwatuna zuwa Ikara, aka ce tulu ya sake cinyewa daga nan har Makarfi da Kudan. Wannan bai dame ta ba, na Tudun Kanya take jira. Iliyasu ya dawo a kan kekensa, ya tsaya a zaure, ya ƙi zama.

"A gabana aka buɗe akwatin fitila na garin nan," ya ce. "Aka kife shi, aka bubbuga, ba abin da ya faɗo. Wancan karon ma mun sami ɗaya."

Ranar kasuwa ta ga Ahmadu yana sauri zai sha kwana. Ta kira sunansa a gaban mutane.

"Sawu ne ya hana ku, mun share muku sawu. Sai kuma me?"

Ya sosa ƙeya. "Ke ba ki san mutanen nan ba. Ƙasa kuka gyara. Wa ya sani ko ta sama suke leƙe?"

"Rumfar da jinka a kanta?"

"To, ai jinka ma tana da ƙofofi."

Rahmatu ta kwance ɗan zanen da ta ɗora a kan ƙwaryarta, ta miƙa masa. "Ungo. Muciyar ka aiko a karɓa."

Masu sayar da barkono suka tuntsire da dariya, har da waɗanda suka ci tuwon gayyar. Ahmadu ma ya taya su, ya wuce.

A hanyarta ta komawa ta bi ta gefen fadamar. Dokin Ya'u yana zagaya injin matse rake, ana dafa mazarƙwaila, ƙanshin ya cika wurin. Mazan gari sun zo masa gayya, suna sara suna zagin 'yan tulu ƙasa-ƙasa. Da suka hango ta suka ce sannu da hanya. Ta wuce abinta.

Mai unguwa bai rushe rumfar ba. A kan daɓen yake shanya dawarsa, kuma duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa, ya ce matan garinsa akwai biyayya.