Alƙalin Bene na Uku

"Ka tsayar da kan nan, zan yanke ka," na ce masa, injin aski a hannuna.

"To wannan wasa ne? Duba fa!" Ya nuna talabijin da haɓa. "Sun zana dutse mai kyau can nesa, ka yi ta tafiya, kana zuwa gindinsa sai ƙafarka ta ƙi gaba. Ba katanga, ba rami. In ba za su bar mutum ya hau ba, me ya sa suka nuna masa?"

Shagona na aski yana ƙasan benen, shi kuma a hawa na uku yake da yayarsa. Ƙurar kamfanin fasa dutse ce ta cinye masa huhu tun bai kai arba'in ba. Robar da ke kai masa iska a hanci, daga wata na'ura da ake jin ƙararta har shagona, iyakarta bakin taga. Tun da ya daina saukowa, ni nake hawa in yi masa aski, kuma ni na laƙaba masa Alƙali, don babu gem, wato wasan da ake bugawa a talabijin, da yake wucewa bai yanke masa hukunci ba.

Na ƙwallo, a cewarsa, riga kawai suke canza wa 'yan wasa duk shekara. Na harbe-harbe hayaniya ce babu labari. Na tseren mota ya ɗan samu sassauci, "amma titin babu ko akuya, wa zai yarda?" Guda ɗaya yake yabo, wani tsohon gem mai dishi-dishin hoto, inda mutum yake tuƙa kwalekwale duk inda ya ga dama.

Ranar, da na kakkaɓe masa wuya, sai ya riƙe min hannu.

"Maƙwabci, ka sauke ni ƙasa. Bakin shagonka kawai."

Yayarsa ta leƙo daga kicin. "Ba inda za shi. Likita ya ce ko banɗaki a hankali."

"Yaya, likitan nan ya taɓa shekara a ɗaki ɗaya?"

 Ita ma rabonta da fita mai nisa tun kwanciyarsa. Ta ajiye aikinta, ko cefane aike take yi. Ta juya ta ɗauko ƙaramar tukunyar iskar da suke zuwa asibiti da ita.

Na goya shi. Bai fi nauyin yaro ba. Tana biye da mu rungume da tukunyar, tana ta "a hankali, don Allah a hankali." Mun wuce hawa na biyu ke nan numfashinsa ya fara ƙara a kunnena kamar ana yaga tsumma. Na zaunar da shi a kan matakala. Leɓensa ya yi duhu.

Daga nan ana jin titi, amma ba a ganinsa: hon ɗin motoci, guduma daga wurin mai walda, wata mata tana ƙwala wa ɗanta kira. Ya jingina kai da bango yana saurare.

"Saura kaɗan," na ce.

Ya girgiza kai. Da ƙyar ya haɗa maganar. "Mai benen nan ma... bai iya tsara wasa ba."

Yayarsa ta yi dariya, hawaye na zuba. Muka mayar da shi sama.

Bai sake taɓa gem ba. Da safiyar wata Laraba ina buɗe shago na ji ƙarar na'urar iskarsa ta tsaya, sannan muryar yayar tana kiran sunana daga taga. Allah ya jiƙansa.

Bayan mako biyu na gan ta ta sauko da kwandon cefane. Ta tsaya a bakin ƙofar benen, rana ta sa ta runtse ido. Ta daɗe a wurin, kanta a karkace wajen matakala, tana kasa kunne. Mai lemo ya tura kekensa ya wuce ta gabanta. Sannan ta gyara mayafi, ta taka titi.