Japanancin 'Yar Katun

A ɗakin jinyarmu 'Yar Katun muke ce mata. Nas ce kamar mu, amma da an samu hutu sai ta maƙale a lungu da wayarta, tana kallon katun ɗin Japan tana motsa baki. Ni na fi kowa yi mata tsiya. Nakan ce, “Uwar 'ya'ya guda, kina kallon zanen yara?”

Sai aka kwantar da wata tsohuwa 'yar Japan da ta zo ganin ɗanta ta karye a ƙugu. In ɗan ya tafi aiki ba mai jin yarenta. Ta juya wa bango fuska, ta ƙi abinci. Mun yi lallashi da hannu har mun gaji.

'Yar Katun ta ɗauki tiren abincin, ta tsaya a kanta, ta ƙanƙance ido, ta yi mata Japananci da wata murya mai kauri da ban san tana da ita ba. Tsohuwa ta juyo. Ta yi dariya har da hawaye, ta karɓi cokali.

Da ɗan ya dawo na tambaye shi abin da aka ce wa uwarsa. Ya tambayi uwar, ya rufe baki yana dariya.

“Irin maganar jagoran mayaƙa ta yi mata. Wai tashi, jaruma, ba a nan za mu mutu ba.”

'Yar Katun ta sunkuyar da kai. “Ni shi kaɗai na iya. A katun haka ake lallashi.”

Tsohuwa ta miƙo kwanon, ba ko loma a ciki.