Baƙon da Aka Rufe a Tsibiri

Shebur ɗin Yowel bai shiga ƙasa sau biyu ba sai filafilin tuƙa jirgi ya sauka a kafaɗarsa. Na ji ƙarar ƙashi. Ya durƙusa, ya miƙe, ya kai sara da bakin shebur. Wanda ya doke shi ya kauce, ƙarfen ya sami tsoho Shu'aibu, shugaban masuntan, a gefen kai. Jini ya wanke masa kunne da wuyan riga. Nan fa tsibirin ya hargitse, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai.

Ni na kawo su a jirgina, Yowel da yayarsa Dorkas, maƙwabciyata da katanga ɗaya ta raba mu a Madarumfa. Wanda ke ƙarƙashin tudun ƙasar da Yowel ya fara haƙa kuwa ɗan'uwansu ne, Daniyel. Ya daɗe a Kwatano, can ya yi aure ya haihu. Ya zo hutu da tumbi da na'urar hoto, yana bin tsuntsayen tafki kamar ba su muke harbi da danƙo muna yara ba. Ina kiransa turis, ɗan yawon buɗe ido, yana dariya har da riƙe ciki. Ya ari ƙaramin jirgi shi kaɗai, wai bai manta tuƙi ba. A tsibiri zuciya ta tsaya masa, ya kifa goshi a kan saiwa.

Masuntan da ke zango a wurin baƙi ne, ba wanda ya san shi. Suka ga baƙin tabo a goshinsa, suka ce mai yawan sujada ne. Kafin rana ta faɗi sun wanke shi, sun sallace shi, sun rufe. Muna can muna caccakar ruwa da gora muna nemansa, ashe mutum yana kwance yana fuskantar gabas.

Da labari ya iso mana, jandarma suka ba da izinin tonowa, suka ce mu yi gaba suna tafe. Har yau suna tafe.

Idi, ɗan Shu'aibu, da ya ga jinin ubansa sai ya zaro mashin kifi. Na rungume shi ta baya, ya tura ni da gwiwar hannu, haƙorina ya tsinka mini leɓe. Wasu biyu suka danne Yowel suna cusa fuskarsa cikin laka, yana shure-shure. Wallahi na tsorata, na ɗauka gawa biyu zan mayar gida.

Dorkas ba ta yi ihu ba. Ta cire takalmanta, ta hau kabarin ta zauna. Wani ya fizge ta, zanenta ya yage, ta koma ta zauna.

"Ku sake shi," in ji Shu'aibu, tafinsa a kan raunin. Ya dube ta. "Ɗiyata, tashi. Wanda anka yi ma salla anka ruhe, ba a tone shi. Ba akuya ba ne."

"Baba, ɗiyanshi na Kwatano. Ƙaramar ta ce ƙarya muke, sai ta ga ubanta. Mota na bakin ruwa da akwati. Mi zan ce mata?"

"Ki ce musulmi sun suturta shi."

"Ba musulmi ba ne, Baba. Tabon nan na hwaɗuwa ne. Sunanshi Daniyel."

Yowel yana tari yana amayar da laka. Idi ya tofar da yawu.

"To, wa munka tsaya ma sahu? Ku ba ni shebur ɗin, ni zan hidda shi."

Tsohon ya wanke shi da mari, mai ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. Ya jefa shebur cikin ruwa.

"Ƙarhe ba ya taɓa shi. Ni na sa shi, ni ka hidda shi."

Ya durƙusa ya fara yaye ƙasa da hannu, jininsa yana ɗiga a ciki. Dorkas ta sauko ta kama. Ni ma na sa hannu, sannan sauran, ɗaya bayan ɗaya, ba mai duban wani. Muka kai ga itacen da aka jera, muka ɗaga. Warin ya buge mu, wasu suka ja da baya. Tsohon ya sauka ramin ya tallafo kan.

Da muka shimfiɗa shi cikin jirgi, Yowel ya kai hannunsa mai lafiya ga ƙullin farin ƙyallen.

"Yaya, mu maida musu kayansu."

"Likkafanin Baba ne," in ji Idi, kansa a ƙasa. "Wanda ya aje ma kanshi."

Dorkas ta dubi tsohon.

"Ku bar mishi," ya ce. "Kada yarinyar ta gan shi haka nan."

Na tura jirgi. Dorkas ta zauna ta ɗora ƙafafun ɗan'uwanta a cinyarta, ta riƙe su don kada su bugi katako. Da na waiwaya, masuntan sun koma ga tarunsu. Shu'aibu kaɗai ke tsaye a bakin ramin, ƙasa har gwiwar hannunsa, yana kallon ruwa yana tsattsafowa daga ƙasan kabarin.