Totuwa a Bakin Tanki

Shekara shida da Mamman ya auri Kyauta, kuma har yau surukinsa Abarshi bai yarda cewa makanikanci sana'a ba ce. A wurin tsohon, namiji ko dai ya yi noma ko ya yi zaman banza da ƙarfe a hannu. Shi ya sa ranar da aka ce Mamman zai jawo injin casar gero daga Madarunfa zuwa ƙauyensu Abarshi kusa da Gabi, inda mutane suka tara dammunan gero suna jira tun safe, ya wanke tsohuwar motarsa kat-kat har da tayoyi. Ya ɗaura ramok ɗin ɗaukar injin a bayan motar, ya cika tanki da man gazuwal, ya buɗe wa tsohon, wanda ya zo rakiyar injin, ƙofar gaba. Kyauta ta zauna baya da ƙullin gyaɗa.

Ba su yi kilomita bakwai ba motar ta fara shaƙewa, ta yi tari biyu ta mutu. Mamman ya buɗe kafo, murfin inji, da fuskar likita. Ya ce filta ne, ya canza filta. Ya matsa famfon hannu har yatsansa ya yi tsami, mota ta tashi. Bayan kilomita biyar, a kan hawa, ta sake mutuwa.

"Jakina bai taɓa yi mini haka ba," in ji Abarshi, yana magana da gilashin gaba, don ba ya duban surukinsa kai tsaye.

"Baba, jakinka ai bai taɓa jan inji ba," in ji Kyauta.

"Ba a tambaye shi ba ne."

Da ta mutu karo na uku a kan hawan nan, Mamman ya bi tiyon mai tun daga inji, yana rarrafe cikin yashi, har ya iso bakin tanki. Nan ya tsaya. Murfin da ya sani babu shi. A gurbinsa an cusa totuwar masara, an naɗe ta da leda, an ɗaure da robar taya tam. Da ya ɗan sassauta, tankin ya ja iska da ƙara, fuuu, kamar wanda aka tsamo daga tafki.

"Ka ga aikina ko?" Abarshi ya leƙo ta taga, fuskarsa cike da jin daɗi. "Da kana sallah na ga murfin naka ya tsage, har da ɗan rami a tsakiya. Na jefar da shi. Wannan ko iska ba ta shiga."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce dukan ciwon. Inji yana jan kaya, yana zuƙar mai da yawa, iska ba ta samun hanyar maye gurbinsa, sai man ya ƙi tafiya. Mamman ya san wannan sarai. Abin da ba a koya masa a makaranta ba shi ne yadda ake gaya wa suruki, gaban ɗiyarsa, cewa shi ya shaƙe mota.

Ya durƙusa gefen taga, ya dubi ƙasa.

"Baba, ina da tambaya. In an dafa giya aka zuba a tulu, rufe bakin ake yi ruf?"

"Kai da ba ka sha, mi ya kai ka? Wane wawa zai rufe ruf? Ai sai tulun ya fashe. Ana bar mata wurin numfashi."

Kyauta ta daina ɓare gyaɗa. Abarshi ya dubi totuwar, ya dubi sama, ya daɗe yana sosa gemu. Can ya sauko, ya zaro basillar da yake ɗinkin buhu da ita, ya huda totuwar daga sama har ƙasa, ya mayar da ita da hannunsa.

"Murza mu ji."

Motar ta tashi, ta haye hawan da ramok ɗinta ba tari ko ɗaya. Kyauta ta rangaɗa guɗa har wani mai amalanken jaki ya kauce hanya.

Sun iso mutane ba su watse ba. Kafin a kwance injin, Abarshi ya riga ya hau turmi yana ba da labarin yadda motar Nasara ta mutu sau uku a daji, shi kuwa ya tashe ta da basilla. Aka yi ta dariya da tafi. Sannan ya nuna Mamman, wanda ke ƙarƙashin ramok yana kwance ƙusa.

"Shi ma mijin ɗiyata yana da kai," in ji shi. "Ku riƙa kai masa ƙarafunanku. Ya iya tambaya."