Tsarin da Koci Ya Rubuta wa Ɓarawo

Duk haɗuwar da aka yi da masu jar riga bana, sai Koci ya koma gida da ciwon kai. In ya tsara hari ta hagu, ya tarar sun toshe hagun. In ya ɓoye ɗan wasa sai bayan hutu, sun riga sun tanadar masa mai gadi. Koci mutum ne mai zafin zuciya, mai zafin zuciya kuwa ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifi. Ya ce da ɗan gari akan ci gari, ya nuna Katanga, golansa, wanda yayarsa ke auren kocin masu jar riga. Katanga ya yi rantsuwa har ya gaji, amma aka ajiye shi a benci, aka ce bayan wasan ƙarshe na cin kofi ya kama gabansa.

Ana saura 'yan kwanaki wasan, wanda da masu jar rigar za a sake karawa, ƙanwar Koci, wadda aikinta ke nan kwamfuta, ta same shi a falo yana ja da yatsa a kan waya. A manhajar rubutu yake ajiye duk tsarinsa, ya kuma maƙala mata wani ɗan ƙari mai zana fili da 'yan wasa.

"Yaya, wannan ƙarin ba na masu manhajar ba ne. Ina ka samo shi?"

"A zaurenmu na kociyoyi na waya aka turo. Kyauta ma."

"Kyauta! Da ka sa shi, bai nemi izinin karanta rubutunka ba?"

"Ya nema, na danna. Wa ke da lokacin wannan dogon surutu?"

Ta jona wayar da kwamfutarta, ta sa shi ya rubuta kalma ɗaya ya adana. A kan idonsa kwafin ya fice zuwa wani adireshi. Suka koma zauren suka laluba baya, sai ga wanda ya turo: mataimakin kocin masu jar riga. Kunya ta rufe Koci, don ya san wanda ya zalunta.

Ta kai hannu za ta goge abin, ya riƙe ta. "Dakata, Auta. Tunda karatu suke so, bari in rubuta musu."

Ya zauna ya shirga ƙarya mai kyau: Katanga ya tafi, sabon gola gajere ne mai tsoron ƙwallon sama, hari kuma duk ta dama. Daga nan ya nufi shagon walda inda Katanga ke aiki, ya jira har ya kashe wuta, ya ba shi haƙuri a gaban abokan aikinsa. Tsarin gaskiya kuwa a ƙasa ya zana wa yaransa da tsinke, ya share da takalmi.

Ranar wasa masu jar riga suka fito suna taƙama, sai suka hangi mutum ya cika raga. Abin da suka haddace shi suka yi, suka yi ta cilla ƙwallo sama, Katanga yana tsinke ta kamar mangwaro. Sun taru a dama suna jiran hari, aka bi ta hagu aka zura musu. Kocinsu sai duba waya yake yana share gumi, Auta kuwa ta yi ihu har muryarta ta dushe.

Da aka busa tashi, farin ciki ya sa Koci gudun da rabonsa da shi tun yana saurayi. Aka miƙa masa kofi, ya ƙi ɗagawa. Ya ratsa jama'a ya danƙa shi a hannun golansa, ya juyo ga 'yan kallo.

"Ku shaida, wannan bai taɓa cin amanata ba!"

Katanga ya ɗaga kofin sama yana kuka, safar hannunsa duk ƙasa.