Busar da Ba Ta Yankewa

Yaya Zuberu yana da faifan kiɗan Turawa fiye da yadda nake da kwanuka, ni kuwa duk wanda ya san ni ya san ba a raina ni wajen kwanuka. Ɗaki guda ya ware musu a gidansa na unguwar Edmonton a nan London, da sifiku biyu masu tsayin mutum, da kujerar da ba mai zama a kanta sai shi. Kiɗa ɗaya zai yi ta saya yana maimaitawa, wai wannan ƙungiyar makaɗan Jamus ce ta yi, waccan ta Amurka ce, ga kuma wata ta Rasha. Na taɓa tambayarsa ko ba duk abu ɗaya suke kaɗawa ba. Kallon da ya yi mini, har yau ban sake tambaya ba.

Kowace Lahadi bayan la'asar abokinsa Choji yakan zo. Mutumin Jos ne, shi ke koya wa mawaƙa a wata coci da ke Old Kent Road, kuma daga can yake hawo bas ya taho da kwat ɗinsa ta coci. Suna da wani wasa da suka daɗe suna yi. Choji zai zaɓi kiɗa ɗaya, ya sa faifai daban-daban a ɓoye, Yaya ya juya baya ya rufe ido, ya faɗi wace ƙungiya ce da kuma wadda ta fi. Da wuya ya yi kuskure. Likita ne, amma na tabbata ya fi alfahari da kunnensa a kan takardunsa.

To, wannan mutumin ne ya ce 'yarsa ba za ta yi kiɗa ba.

Zarah ita kaɗai Allah ya ba shi. Tun tana ƙarama take busa obo, wani abin busa na Turawa baƙi siriri, wanda in ka dube shi da kyau ƙanen algaita ne ya yi karatun boko. Wata babbar ƙungiyar makaɗa ta nan London ta gwada ta, ta ce ta ɗauke ta, ana jiran amsarta kafin mako ya fita. Ita kuma ta kafe, ba za ta karɓa ba sai mahaifinta ya sa albarka. Shi kuwa abin da ya ce shi ne sauraro daban, sana'a daban. Rabonsa da ya zauna ya ji busarta tun tana sakandare.

Ni na san inda abin yake masa ciwo, don uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Babanmu mai algaita ne, haka kakanmu. Da aka kai Yaya makarantar kwana, yara suka sa masa suna ɗan maroƙi, kuma in ya wuce sai su kumbura kumatu suna dariya. Ya zama likita, ya ƙetaro teku, amma wannan dariyar ba ta bar shi ba. Ƙanenmu Wahabu ne ya gaji algaitar, yana can gida. Ina tausayin Yaya ƙwarai, sai dai tausayin bai hana ni jin haushinsa ba.

Ranar Lahadin na tare Choji a kicin, na miƙa masa wani faifai marar rubutu. An ɗauke shi ne a wasan da aka gwada Zarah.

"Murja, so kike ki haɗa ni da Dokta?" in ji shi.

"Kai dai ka sa shi a ƙarshe. In ya ce ba kyau, na yi shiru har abada."

"In ya gane fa?"

"Mutum wajen ɗari ke kiɗan. Ta ina zai gane?"

Ya jinjina kai, ya zura faifan a aljihun kwat. Na ɗauki tiren shayi na bi shi, na samu gefe na zauna. Yaya ya ɗaga gira da ya gan ni, don ya san ni da kiɗan nan ba ma shiri.

Kiɗan da Choji ya zaɓa mai tafiya a hankali ne. Faifan farko ya fara da masu goge, can ƙasa-ƙasa, har na ɗauka sifikun ne ba su kama ba. Sai sautin ya yi ta tasowa yana cika ɗakin, na ji shi a ƙirjina kafin in ji shi a kunne. Gaskiya ban taɓa zama na saurara ba sai ran nan. Kullum daga kicin nake jiyo shi tare da ƙarar tukunya. Mutane masu yawa haka, kowa da abin kiɗansa, amma su taso tare su sauka tare ba wanda ya riga wani, abin ya ba ni tsoro kaɗan. Can sai duk suka lafa, obo ya fito shi kaɗai da wata doguwar busa mai hawa a hankali.

"Jamusawa ne," in ji Yaya, idonsa a rufe. "Tsohon recording. Ji masu gogen nan, Choji, ji nauyinsu. Ba mai irin wannan yanzu. Amma mai obo ya yanke a tsakiya ya ja numfashi. Ka ji wurin?"

Choji ya ce ya ji. Ni ma da aka mayar na ji, ɗan tsagaitawa ne kamar na mai karatu in ya zo ƙarshen aya.

Na biyu na Amurka ne, Yaya ya faɗa tun ba a je ko'ina ba. Ya ce masu kakakinsu ba su da na biyu, komai tsaf, komai na sheƙi, sai dai mai sandar da ke jagorantarsu yana sauri kamar zai rasa jirgin ƙasan Overground. Nasu mai obon ya fi wayo, ya ɓoye numfashinsa a bayan masu goge, amma bai tsere wa kunnen Yaya ba.

"Duk haka suke yi," ya ce. "Wanda ya rubuta kiɗan nan bai tausaya wa huhun ɗan Adam ba. Layin ya fi ƙarfin numfashi ɗaya."

Choji ya dube ni, ya sa na uku.

"London," in ji Yaya nan take. "Live ne, a gaban jama'a aka ɗauka, ga wani can yana tari. Masu gogen ba su kai na farko ba, yara ne." Ya ɗan taɓe baki.

Sai masu goge suka lafa, obo ya shigo.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Busar ta taso siririya, ta yi ta hawa, ta iso wurin da Bajamushen ya yanke, ta wuce. Ta iso inda Ba'amurken ya ɓuya, ta wuce nan ma. Na ga ni kaina na riƙe numfashi ina jiran ta tsaya, har ƙirjina ya gaji na saki, ita kuwa tana nan tana tafiya, tana ƙara faɗi. Mai tarin nan ma ya yi shiru. Tsikar jikina ta tashi, hawaye suka zo mini ban shirya musu ba, don na san wannan abin. Na san shi tun ina yarinya, a zauren gidanmu.

Na juya in dubi Yaya. Idonsa a rufe, hannayensa a kan gwiwa, kumatunsa kuwa sun kumbura tim. Yana jan iska ta hanci a gajarce yana turawa da kunci, daidai yadda Baba ya koya wa 'ya'yansa maza da tsinken kara a ƙoƙon ruwa, su yi ta hura kumfa ba tare da ta yanke ba. Da haka mai algaita ke busa ba ya tsayawa. Rabon da in ga fuskar Yaya haka tun kafin a kai shi makarantar kwana. Bai ma san yana yi ba.

Faifan ya ƙare. Choji ya yi gyaran murya, ya ce, "Ai Dokta, akwai Turawan da suka iya wannan numfashin su ma."

"Akwai," in ji Yaya. "Amma su ɓoye shi suke yi. Wannan kuwa duk inda ta sauya iska sai ta ɗan danna sautin, ta yi masa ado. Gida ɗaya na san ana haka." Ya buɗe ido ya dube ni. "Wahabu ne ya koya wa Zarah?"

"Shi ne. Duk hutun da ta je gida tana wurinsa, da ƙoƙonta da tsinkenta."

"Sake sa mini," ya ce wa Choji.

Aka sake. Wannan karon bai juya baya ba, ya fuskanci sifikun, ya bar hawayensa suna zuba bai share ba. Da aka zo wurin, na ji yana cewa a hankali, "Baba ke nan. Wallahi Baba ne, a tsakiyar Turawa, kuma duk sun yi shiru suna jiran sa."

Ya laluba aljihu ya ciro waya. Ya kasa gano lambar Zarah, sai da na karɓa na nemo masa. Ta ɗauka da sauri, muna jin ta.

"Daddy? Is everything okay?"

"Zarah, ina nan da Gwaggonki da Baba Choji. Na ji busarki." Ya gyara zama. "A hawa na ƙarshe kina sakin kuncin hagu da wuri. Shi ya sa sautin ya ɗan yi rawa."

Na ji kamar in ƙwace wayar in buga masa a ka. Sai Zarah ta ce, da Hausarta mai tuntuɓe, "Baba Wahabu ma ya faɗa. Ya ce shi bai iya gyara shi ba. Ya ce kai ne ka fi kowa iyawa a gidan."

Yaya ya rufe ido.

"Ki ba mutanen nan amsa gobe, ki ce kin karɓa. Allah ya yi miki albarka." Ya ja numfashi. "Kuma ki taho yanzu da abin busar taki. Murja, samo mana ƙoƙo da ruwa."

Na ce masa a Edmonton ina zan samo ƙoƙo. Ya ce ashe duk kwanukan nan nawa na banza ne.